Amsar da Ƙanena Ya Bayar a Gaban Surukinsa

Ranar Litinin ce, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, cikin damina ta biyu ta yaƙin basasa. Ina tsaye a barandar wata kotun alƙali a cikin birnin Kano, jikin taga, tare da matar ƙanena wadda ke goye da jaririya. Mata ba su cika shiga ciki ba sai an kira su, saboda haka ta taga muka ga abin da muka gani. A ciki akwai alƙali, da magatakardarsa, da ɗan sanda mai gabatar da ƙara, da ƙanena durƙushe a tsakar ɗaki. Kusa da shi ƙwarai surukinsa ne zaune, mahaifin yarinyar da ke tsaye gefena. Can baya, a kan benci, wani mai kakin soja ya ɗora ƙafa kan ƙafa, bai cire takalminsa ba.

Ba zan ambaci sunan kowa ba. A gidanmu suna ba abin faɗa ba ne da sauƙi. Ni ce 'yar fari, kuma har mahaifiyarmu ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Wajibi ne in faɗi ko su wane ne mu, domin idan ba a san wannan ba, za a ɗauki ƙanena wawa, alhali ba wawa ba ne. Asalinmu Fulani ne. Kakanmu ne ya ajiye sanda ya gina gida a Ƙofar Mazugal. Mahaifinmu malamin dabbobi ne, aiki ya kai shi wani gari a kan duwatsu inda babu makaranta sai ta mishan, ya sa ni a can. Malamanmu sun koya mini abu uku da bulala: idan babba ya yi tambaya, ki miƙe tsaye, ki dube shi a ido, ki ba da amsa cikakkiya. Da wannan na koyar da 'yan mata har na yi ritaya, kuma ban yi nadama ba. Ƙanena kuwa bai riski wannan ba. Mahaifinmu ya rasu yana ƙarami, aka dawo da shi Kano, ya girma a hannun Inna da baffanninmu. Su abin da suka koya masa shi ne: idan babba ya yi magana, ka durƙusa, ka dubi ƙasa, ka yi shiru. Idan kuwa babban nan surukinka ne, ba ka cin abinci inda yake, ba ka bin hanyar da ya biyo, ba ka yi masa magana baki da baki sai gaisuwa. Abin da kake son ya ji, ka faɗa wa matarka, ta faɗa wa uwarta, uwar ta faɗa masa.

Surukin nasa dillalin shanu ne a Dukawuya. Da yaƙi ya yi zafi, sai ya sami kwangilar kai shanu tashar jirgin ƙasa, a loda su a tarago zuwa bakin daga domin abincin sojoji. Ƙanena ne ke jagorantar garken daga ƙauye zuwa tasha. Wata rana aka ƙidaya a tasha, bijimai bakwai babu su. Mai karɓar shanun ya sa aka kirawo dattijon, ya tsugunar da shi cikin rana a gaban 'yan dako, ya ce wannan zagon ƙasa ne ga yaƙi, kuma ko ya kawo ɓarawo ko shi ne ɓarawon. Daga nan dattijon ya wuce ofishin 'yan sanda.

To, a ranar Litinin ɗin, alƙali ya ce dattijo ya yi bayani. Ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na danƙa masa shanu cikakku. Bakwai ba su isa tasha ba. An gaya mini wai sun salwanta. Shanu ba sa salwanta a hannun makiyayi bai sani ba. Ni dai a ganina sayarwa ya yi."

Alƙali ya juya ga ƙanena. "Kai, ka ji abin da dattijo ya faɗa. Ana tuhumarka da cin amana. Haka ne, ko ba haka ba ne?"

Ina kallon ƙeyarsa. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Na ce a raina, ɗaga kanka, ɗaga kanka. Bai ɗaga ba.

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam."

"Ka amsa laifinka ke nan?"

"Na amsa."

Dattijon ya zabura kamar kunama ta harbe shi. Ya buɗe baki, ya dubi bayan ɗaki inda mai kakin yake, ya rufe. Alƙali bai tambayi inda aka sayar da shanun ba, bai tambayi wanda ya saya ba, bai tambayi ko su biyun nan me suke ga juna ba. Farfajiya cike take da masu jiran shari'a, shi ma kuma idonsa na komawa ga bencin baya. Ya yanke ɗaurin shekara biyu da aiki mai tsanani. Matar ƙanena ta sulale jikin bango ta zauna daɓas, jaririyar ta tsala ihu.

Muka biyo ta Shahuci a ƙasa. Da na gaya wa Inna, sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta daɗe haka. Daga ƙarƙashin mayafin ta ce, "Ya kyauta. Da ya ƙaryata surukinsa a bainar jama'a, ina zan sa fuskata?"

Na ce, "Inna, ɗanki ɓarawo ne yanzu a rubuce."

Ta ce, "Ke da rubutunki."

Amma kafaɗunta rawa suke yi, kuma ranar ba a ɗora tukunya a gidan ba.

Ranar da aka ba da izinin ziyara na tafi gidan yari ni kaɗai. Gandiroban da ke ƙofa Babarbare ne, ga tsagensa a fuska. Da ya ji wanda nake nema, ya dubi hancina, sai ya kwashe da dariya.

"Yayarsa ce? To, Malama, bayinmu Fulani sun ishe mu. Naki tun da ya zo bai ci abinci a gaban mutane ba. Sai ya juya wa bango fuska kamar amarya. Ku dai kunya za ta ƙarasa ku, mu huta."

Ban saba wasa a bakin aiki ba, amma na san hakkin wannan wasa. Na ce, "Idan muka ƙare, wa zai riƙa ba ku nono ku daina ramewa?"

"A'a, wannan ba ta gadon kunya! Shiga, shiga, uwar gijiyata. Ku yi maganarku, ni kurma ne yau."

An aske wa ƙanena kai, an sa masa gajeren wando, abin da bai taɓa sawa ba tun yana yaro. Ya tsuguna yana jan rigar don ya rufe gwiwoyinsa.

Na ce, "Ka sayar da shanun?"

"Adda, ke ma?"

"Ni tambaya na yi. Ka ba ni amsa cikakkiya."

Ya dubi gandiroban, wanda ya ba mu baya yana waƙa ƙasa-ƙasa. Sannan ya matso har ina jin numfashinsa. Ya ce da hantsi ne, sun kusa shiga gari, suka tarar da shinge a kan hanya da babbar mota a gefe. Mutane ne cikin kakin soja, da bindigogi. Suka zaɓi bijimai bakwai mafi ƙiba, suka sa makiyayan da ke tare da shi suka tura su cikin mota. Da ya ce a ba shi wata shaida ya kai wa mai shanu, sai ɗaya ya sa masa bakin bindiga a cibiya, ya ce ga shaida nan, ko yana son ta? Makiyayan biyu kuwa daga tasha suka shige daji, ba a sake ganinsu ba. Har yau ban sani ba ko sojojin gaske ne. A shekarun nan kaki ya yi yawa a gari, ba kowa ke tambayar inda mai shi ya samo ba.

"Ka gaya wa surukinka?"

"Na aika."

"To me ya hana ka faɗa a gaban alƙali?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Adda, yana zaune. Ya riga ya ce na sayar. In ce ƙarya yake yi? Ga gemunsa, ga mutane?"

Na dawo gida na zaunar da matarsa a ɗakina. Yarinya ce mai hankali, ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Na ce ta maimaita mini abin da mijinta ya gaya mata, ta maimaita daidai, har da bakin bindiga. Na ce ta maimaita abin da ita ta gaya wa uwarta. Sai ta fara murza bakin zanenta.

"Na ce waɗansu mutane sun karɓe."

"Waɗanne mutane?"

"Adda, tsakar gida cike take. Akwai mai kitso, kuma ɗanta ya shiga soja. Na ce ai Umma za ta gane."

Umma ba ta gane ba, ko kuwa ta gane ta ji tsoro. Da ta shiga turakar mijinta, abin da ta ce shi ne shanu bakwai sun salwanta a hanya. Haka maganar ta fita daga bakin ƙanena da bindiga a cikinta, ta isa kunnen dattijo ba komai a ciki. Ba wanda ya yi ƙarya. Kowa dai ya rage abin da yake tsoro. Matasan yau ba za su fahimci wannan ba. A lokacin, ko a cikin ɗaki ba ma faɗin kalmar soja da ƙarfi. Cewa muke yi mutanen nan. Mun ga abin da ya faru a garin nan shekaru biyu kafin wannan, mun san yadda ake wayar gari maƙwabci ya ɓace.

Lauyoyi sun yi ƙaranci a Kano, domin da yawansu sun tafi tun rikicin farko. Na sami wani a Fagge, a saman bene bisa shagon mai sayar da taya. Mutumin Jihar Yamma ne, mai tumbi, yana jin Hausa sosai ko da yake yana murɗe ta. Ya saurare ni har ƙarshe yana fifita da jarida.

"Malama, ƙanenki ya shiga ɗaki, ya kulle ƙofa, ya haɗiye mabuɗi, yanzu kin zo in fito da shi."

"Ban zo jin misali ba. Akwai hanya ko babu?"

"Kai! Allah ya jiƙan ɗalibanki." Ya ajiye jaridar. "To ji. Wanda ya amsa laifi da bakinsa, a ƙa'ida ba ya dawowa ya ce bai yi ba. Iyakarsa ya roƙi a rage masa ɗauri. Wannan mai sauƙi ne, zan iya samo masa ragi. Amma zai fito da sunan maci amana."

"Ɗayar hanyar fa?"

"Ɗayar, mu ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, mu ce amsar da ya bayar ba amsa ba ce. Mu nuna ba da sakin zuciya ya faɗa ba, kuma alƙali bai bincika ya tabbatar abin da aka amsa ya faru ba. Da duka ne aka yi masa, da na ji daɗi, duka kowa ya san shi. Amma kunya? Ban taɓa tsayawa gaban alƙalai na ce kunya ta tilasta mutum ba. Kuma za su tambaye shi, in bai sayar ba, ina shanun? Sai ya faɗa da bakinsa." Ya sassauta murya. "Kin san abin da zai faɗa. Kin san su wa ke zama a bencin baya. Idan aka soke hukunci, sabuwar shari'a za a yi, kuma ban isa in rantse miki a kotu za a yi ta ba. Ana iya cewa maganar abincin mayaƙa ce, a wuce da shi bariki. Can rigar lauya ba ta aiki."

Ya ce wata guda doka ta ba mu daga ranar hukunci, kuma an riga an ci rabinsa. Na sauko daga benen. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, ni da nake hana yara zama a bakin hanya.

Ba a ɗaukaka ƙara sai da yardar mai ita. Na koma gidan yari. Ƙanena ya ce, "Adda, ki bar shi. Shekara biyu ba mutuwa ba ce. Bariki kuwa mutuwa ce."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma tsoron nan ne ya hana ni barci. Amma na ce masa, "Idan ka fito, wa zai ba ka ko akuya ka kai kasuwa? Makiyayin da alƙali ya rubuta maci amana, me ya rage masa? 'Yarka za ta girma. Ranar da za a zo neman aurenta, za a yi bincike a unguwa. Me kake so a ce?"

Gandiroba ya fara kaɗa mabuɗai. Sannan ƙanena ya ce, "Kawo in dangwala. Amma ki sani, in yana wurin, bakina ba zai buɗu ba. Ba ƙi na yi ba. Ba zai buɗu ba ne."

Daga ranar da aka shigar da ƙara har aka sa ranar saurare, damina ta wuce, kaka ta wuce, aka shiga zafi. Ban san yadda magana ta fita ba, amma ta fita. Maƙwabtan da muke musayar wuta da gishiri suka rage shigowa. Shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta ce ba ta ce in janye ba, amma in tuna makarantar gwamnati ce. Wata rana da la'asar babbar motar soja ta tsaya daidai bakin lungunmu. Inna ta fizgi jaririyar ta shige rumbu. Matar ƙanena ta fara salati. Ni na ɗaura ɗankwali, na sa takalmi, na tsaya a zaure, domin na ƙudura ba za a fitar da ni ba takalmi ba. Wani saurayi cikin kaki ya leƙo ya ce, "Mama, a taimaka mana da ruwa, injin ya yi zafi." Na ba shi bokiti biyu. Ya yi godiya da ladabi. Bayan sun tafi na yi amai a bayan ɗaki.

Ana sauran mako guda, na ji an kai wa dattijon sammaci, dole ya halarta. Na yi shawara da kaina, na tafi Dukawuya. Ba al'ada ba ce yayar miji ta zauna da surukin ƙanenta, amma ni an riga an sallama ni, ana cewa 'yar mishan ce. Ya karɓe ni a zaure, ya zauna a karkace yana fuskantar bango. Ya rame ƙwarai, rawaninsa ya yi masa yawa.

Na gaya masa kome, tun daga shinge har bakin bindiga, kuma na kira su da sunansu. Ya ɗaga hannu biyu.

"Malama, rufa mana asiri! Zauren nan a bakin hanya yake."

"Rufin asirin ne ya kai shi inda yake, Baffa."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Wallahi ban ji wannan ba sai yau. Amma ko da ban ji ba, na san bai sayar ba. Yaron da na ba 'yata?"

"To don me ka ce ya sayar?"

"An ce in kawo ɓarawo. Na yi lissafi, na ce zan faɗi haka, shi kuma ya ce bai yi ba. Ba ni da shaida, alƙali ya rantsar da shi ya sallame shi. Mutanen nan su ga na kai ƙara, kowa ya tsira. Haka ake yi." Ya ajiye carbin. "Na lissafa kome, Malama. Abu ɗaya na manta. Na manta ni ne zan zauna a wurin."

Na ce, "Ranar Alhamis ma kai ne za ka zauna a wurin."

"In ban je ba, a kama ni. In na je, ya yi shiru. In ya yi magana, a zo a kwashe mu duka." Ya juyo ya dube ni, karo na farko. "Ni ma da mahaifin matata ne ya tsaya ya ce na yi sata, haka ne zan ce."

Ban roƙe shi kome ba, domin ban san abin da zan roƙa ba. Na yi masa sallama na fito.

Babbar kotu ba kamar ta alƙali ba ce. Akwai kujeru, mata na shiga, ga fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. Alƙalai uku ne a kan dakali: biyu da baƙaƙen riguna, ɗaya dattijo mai rawani. Da Turanci ake yi, tafinta na juyarwa. Na zauna a layi na biyu. Surukin ƙanena na gaba, inda aka ajiye shi. A bakin ƙofa, daga ciki, masu kaki biyu ne a tsaye. Ban san ko don mu suka zo ba, ko kullum suna nan.

Lauyanmu ya yi magana mai tsawo, kuma ya yi ta da kyau, ban sami kuskure a cikinta ba. Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce abu ɗaya: mutumin nan baligi ne, da harshensa aka tambaye shi, ba a taɓa lafiyarsa ba, kuma sau biyu ya amsa. Alƙalan suka haɗa kai suka yi shawara. Sai mai rawanin ya ce yana son ya ji daga bakin mai ƙara, ya yi masa magana da Hausa kai tsaye.

"Samari, ka sayar da shanun nan?"

Ƙanena na tsaye cikin akwati, kansa a ƙasa. Shiru.

"Da kai nake. Wannan dattijo da ya kai ƙararka, me yake a wurinka?"

Shiru. Na ga leɓensa na motsi, ba sauti. Lauyanmu ya share gumi, ya waiwayo ya dube ni. Alƙalin da ke tsakiya ya dubi agogonsa ya ɗauki alƙalami. Na san idan alƙalamin nan ya sauka, an gama.

Sai surukin ƙanena ya dafa kujera ya miƙe.

"Allah ya ba ku nasara, a yi mini izini in fita. Tsufa ne. Mara ba ta riƙe mini ruwa."

Wani ya yi dariya a baya, masinja ya daka tsawa. Mutumin da ko tari ba ya yi a gaban surukinsa, ga shi ya faɗi wannan a gaban surukin da dukan jama'a. Lauyan gwamnati ya miƙe zai yi magana, mai rawanin ya ɗaga masa hannu. Ya dubi dattijon, ya dubi ƙanena, ya sake duban dattijon.

"Je ka, Alhaji. Kada ka yi gaggawar dawowa."

Hanyar fita ɗaya ce, tsakanin masu kakin nan biyu. Ya bi ta tsakaninsu yana dogara sanda. Ta taga na hango shi ya wuce har gindin wata bishiyar maina a ƙarshen farfajiya, ya zauna a ƙasa, ya ba kotu baya.

Mai rawanin ya ce, "To, samari. Ya fita."

Ƙanena ya ɗaga kai. Ya ce, "Surukina ne, ranka ya daɗe. Ban sayar ba." Daga nan maganar ta zubo. Ya faɗi hantsi, ya faɗi shinge, ya faɗi mota, ya faɗi launin kowane bijimi. Ya ce masu kakin soja ne, da bindigogi. Tafinta ya juya da Turanci cewa waɗansu mutane ne suka karɓe. Mai rawanin ya ce masa, ba tare da ɗaga murya ba, "Faɗi abin da ya faɗa." Ya faɗa. Ban waiwaya bakin ƙofa ba. Na kafa idona a kan allon kujerar gabana, ina jiran ƙarar takalmi. Ina jira har aka tashi.

Da muka fito, dattijon na nan gindin bishiya. Aka wuce da ƙanena zuwa motar gidan yari ta gefensa. Ƙanena ya rusuna ya kau da kai, dattijon ya ja rawani ya rufe bakinsa. Gandiroban nan Babarbare, wanda ya rako shi, ya ce da ni, "Malama, yau bawana ya yi magana. A rubuta, kada a manta."

Babbar kotu ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'a a gaban wani alƙali, ta ba da belinsa. Mai gabatar da ƙara bai kawo shaida ba, aka kori ƙarar. Ba wanda ya zo daga bariki. An karɓe kwangilar daga hannun dattijon, ba a biya shi bijimansa ba. Ƙanena ya yi wata takwas a gidan yari, ya koma kiwo, kuma har dattijon ya rasu ba su taɓa yin maganar da juna ba.